Ko dole ne a sa faifai tsakanin albarushi da dalma?

Wani ɗan'uwanmu mazaunin Amurka ya aiko mini da tambaya. Ya sayi bindiga ƙirar Sharps, irin wadda kamfanin Pedersoli na Italiya yake ƙerawa a yau, mai cin harsashi .45-70, kuma ya fara ɗura harsashinsa da hannunsa da baƙin albarushi. Duk wanda ya tambaya a filin harbi sai ya ce masa lallai ya ɗora ɗan faifan kwali a kan albarushi kafin ya zaunar da dalma. To faifan da ya saya ya ƙare, ga kwanso a wanke, ga dalma a zube. Tambayarsa biyu ce: in ya ɗura babu faifai akwai haɗari? Kuma harbin zai lalace?

Malam, rashin faifai ba haɗari ba ne. Abin da yake haɗari shi ne a bar gurbin iska tsakanin albarushi da gindin dalma. Mutane sukan cakuɗa waɗannan abubuwa biyu saboda sau da yawa faifan ne yake cike gurbin, sai aka ɗauka shi ne mai tsaron rai, alhali aikin cikewar ne mai tsaron. In albarushinka ya hau har ya taɓa gindin dalma, kuma an ɗan danƙara shi, ka harba hankalinka kwance. Tambaya ta biyu ita ce mai tsawo, domin amsarta tana ga irin dalmar da kake zubawa, da nisan da kake harbi, da zafin garin da kake.

Bari in fara da harsashin naka, tunda tarihinsa ma ya amsa rabin tambayar. Sojan Amurka sun karɓi .45-70 a shekarar 1873 tare da bindigar Springfield mai buɗewa ta sama kamar murfin akwati. Sunan harsashin lissafi ne kawai: faɗin dalma inci 0.45, albarushi giren 70, sannan a cikakken sunan akan ƙara 405, wato nauyin dalmar. Giren ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma sha biyar na giram ba, don haka giren 70 kusan giram huɗu da rabi ne, dalmar kuma kusan giram 26. Wannan harsashi na sojan ƙasa, wanda ma'aikatar makamai ta Frankford ta yi ta ɗurawa, dalmarsa a kan albarushi take zaune kai tsaye. Inda faifai ya shigo shi ne harsashin sojan doki. Bindigarsu gajera ce marar nauyi, giren 70 yana dukan kafaɗa, sai aka rage musu zuwa 55 a cikin kwanso iri ɗaya. Ragin nan ya bar wuri, aka cike wurin da faya-fayan kwali. Daga baya ma aka daina, aka riƙa tura dalmar ciki sosai har ta sauka a kan albarushin. Ka ga ke nan tun a wancan zamani abin da suke gudu shi ne gurbi. Haka harsashin .44-40 na Winchester, wanda shi ma a 1873 ya fito, giren 40 a ƙarƙashin dalma mai giren 200: babu faifai, kuma masu harbin gasar kaboyi har gobe haka suke ɗura shi.

Wanda ya taɓa ganin maharbi yana ɗura adaka a gida ya riga ya san dokar ko da ba a faɗa masa ba. Yakan zuba albarushi ta baki, ya tura tsumma, ya dandaƙa da sanda har sai ya ji ta tsaya cak, sannan ya zuba harsashi ya sake toshewa. Ba ya barin komai yana lilo a tsakiya. Dalilin da ya sa yake haka shi ne dalilin da ya sa muke haka a cikin kwanso.

Abin da gurbi yake yi kuwa, wani masanin sinadarai Bafaranshe, Paul Vieille, wanda ya ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi na zamani a 1884, ya yi bincike a kai. Ya nuna cewa in albarushi ya taru a gefe ɗaya aka bar fili a gabansa, iskar da ta taso tana samun wurin gudu, ta ruga ta daki abin da ya tare ta, matsin ya taru a wannan wuri ɗaya ya ninka. Sakamakon a bindiga shi ne zobe: wani siririn kumburi da ya zagaye mazaunin harsashi daidai inda gindin dalma yake. Da farko ba ka ganinsa, sai dai ka ji kwanso ya fara maƙalewa in za ka zare shi, domin tagullar tana kumbura ta shige cikin zoben. Na taɓa riƙe bindigar wani abokin harbi da hakan ta same ta, tsohuwa mai kyau, kuma babu gyara sai canjin bututu. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne faifai ne ya jawo masa. Ya rage albarushi don ya sassauta dukan kafaɗa, ya tura faifai ƙasa ya danne albarushin da shi, ya bar fili tsakanin faifan da dalma. Wannan ita ce mafi munin ɗura, ta fi rashin faifan muni nesa ba kusa ba. Don haka in mutum ya ce maka faifai kariya ne, ka tambaye shi a ina faifan yake zaune.

To in ba kariya ba ne, me ya sa kusan duk masu harbin nesa suke sa shi? Saboda gindin dalma. Wani likita Ba'amurke, Franklin Mann, ya shafe shekaru yana gwaji, ya buga sakamakonsa a 1909, kuma cikin abin da ya tabbatar akwai cewa ka iya ɓata hancin dalma ta tafi kusan daidai, amma in ka ɓata gindinta, ko kaɗan ne, sai ta bauɗe. Dalilin yana bakin bututu. A lokacin da dalma take fita, iska mai ƙarfi tana bayanta. In gefen gindin ya fita gaba ɗaya a lokaci guda, iskar za ta watse ko'ina daidai. In akwai ɓalli ko lotsawa a gefe ɗaya, iskar za ta riga fita ta nan ta ture dalmar, ta bar bututu a karkace. Dalmar da muke zubawa kuwa taushi gare ta, kashi 20 ko 30 na dalma a kan kashi ɗaya na kuza, farce ma yana yi mata shaida. Baƙin albarushi kuma ƙwayoyi ne masu tauri da kaifin gefe, kuma ba dukansu suke kamawa a lokaci ɗaya ba. Na bayan suna kamawa su tunkuɗo na gaba, na gaban su daki gindin dalma kamar an watsa mata tsakuwa. In ka tono dalmar da aka harba babu faifai za ka ga gindinta ya yi tabo-tabo kamar fatar lemo. Wadda aka harba da faifai kuwa sumul take fitowa, wani lokaci har da zanen kwalin a jikinta.

Akwai masu cewa wuta tana narkar da gindin dalma in babu faifai. Ban yarda da wannan ba. Zaman dalma a cikin bututu bai wuce ƙiftawar ido ba, kashi kaɗan ne cikin dubu na sakan, lokacin bai isa zafi ya ratsa ƙarfe ya narkar da shi ba. Abin da yake faruwa da gaske shi ne in dalmar ba ta cika bututu ba, iska mai zafi tana kurɗawa ta gefe da gudu, ta yanke gefen ta fesa dalma a jikin bututu. Faifai yana ɗan rage wannan, amma maganinsa na asali shi ne dalma ta kai faɗin tsagin bututunka ko ta ɗan ɗara shi. Wanda dalmarsa ta yi wa bututu kaɗan, ko faifai uku ya jera bai warke ba.

Tabon nan na gindi, in ya bazu daidai ko'ina kuma bai ci gefe ba, a yadi 100 da ƙyar za ka ga illarsa a takarda. Maharbin barewa, ko mai harbin nishaɗi a yadi 100 zuwa 150, ba shi da abin damuwa. Amma ka je gasar gumakan ƙarfe, inda ake jera siffofin dabbobi na ƙarfe a harba, kaji a mita 200, aladu a 300, talotalo a 385, raguna a 500, nan ƙaramar bauɗiya take girma. Talotalon nan na mita 385 shi ne mai tona asirin ɗura, domin jikinsa ba shi da faɗi kuma siffarsa ba ta yafiya. Balle masu harbin yadi 800, 900 da 1000, irin gasar da aka yi a filin harbi na Creedmoor a Amurka a 1874, inda Amurkawa da bindigogin Remington da Sharps suka ci 'yan Ayalan da maki 934 da 931. Tazarar maki uku bayan harbi ɗari da ɗari. Mai neman irin wannan ba ya barin ko ƙwayar albarushi ɗaya ta taɓa gindin dalmarsa, kuma ina ganin gaskiyarsa.

Aiki na biyu da faifai yake yi shi ne raba maiko da albarushi, kuma a ganina wannan ya fi na farko shafar yawancin mutane. Baƙin albarushi in ya ƙone, fiye da rabinsa ba ya zama iska, toka yake zama ya kwanta a bututu. Shi ya sa dalmarmu take da manyan tsagogi cike da maiko mai taushi, na kakin zuma da kitse ko man girki, ko na kanti irin SPG, don ya jiƙa tokar kada ta daskare. Maikon da aka yi da man fetur ba ya shiri da wannan toka, kwalta suke haɗuwa su zama. To shi maiko mai taushi ba ya jure rana. Wata shekara da bazara na bar akwatin harsashi a mota tun hantsi har la'asar, harsasan a tsaye hanci sama, babu faifai a cikinsu. Da na zo harbi sai na ji ƙarar tana bambanta, wani ya yi tsawa wani ya yi kamar tari, ramukan da ke jikin allon harbi kuma suka jeru daga sama zuwa ƙasa. Da na koma gida na zare dalma daga cikin ragowar, saman albarushin ya yi danshi ya dunƙule. Maikon ya narke ya gangara. Ba a yi haɗari ba, amma ranar ta tafi a banza. Tun daga nan in zan ɗura babu faifai ina goge gindin kowace dalma a kan tsumma mai tsabta har sai ya bushe ƙarau, in ajiye harsasan hanci ƙasa, in kuma sa akwatin a inuwa. In kana jiha mai zafi, wannan ya fi komai shafarka. Harsashin da za a ɗura yau a harba jibi ba ya buƙatar shinge. Wanda zai kwana wata shida a ɗaki mai zafi yana buƙata.

Yanzu ga inda barin faifai ya fi sa shi. In dalmarka mai rami ce a gindi, irin ta soja mai giren 405, wadda kamfanin Lee yake sayar da mazubinta har yanzu, kada ka sa mata faifai. An yi ramin ne don matsin iska ya shiga ya buɗa gefen kamar bakin siket ya kama tsagin bututu. Tsofaffin bindigogin Springfield suna da tsagi uku kuma da yawansu bututunsu ya fi inci 0.458 faɗi, wasu har sun haura 0.460, don haka wannan buɗewar ce take sa su harbi daidai. In ka sa faifai, matsi yana cusa shi cikin ramin. Wani ya faɗo a bakin bututu, wani ya bi dalmar yadi hamsin kafin ya rabu da ita, wani ya manne a karkace har ƙarshe. Sai ka ga harbi takwas sun taru, biyu sun yi nasu wuri, ka rasa dalili. Haka dalmar da aka sa wa hular tagulla a gindi: ta riga ta zo da kariyarta, faifai ba ya ƙara mata komai.

Ko dalma mai shafaffen gindi ma tana iya ɗaukar faifai ta tafi da shi in akwai maiko a tsakaninsu. Shi ya sa za ka ga tsofaffin hannu suna ɗora ɗan yankin jarida a kan faifan kafin dalma, don kada su manne. Faifai ma yana da nasa sharuɗɗan, kuma wanda ya sa shi da sakaci gara wanda bai sa ba.

Akwai kuma kwanso mai wuya, wato mai faɗin ciki da ƙuntataccen baki kamar kwalba, irin .43 na Sifen ko .577/450 na Martini-Henry. A irin wannan, faifai yana da amfani ne kawai in yana cikin wuyan. Da zarar ya wuce kafaɗa ya faɗa cikin faɗin, ya zama abin da yake yawo, yana iya juyawa a gicciye. Wanda dalmarsa take sauka har ƙasan wuya gara ya haƙura da faifai gaba ɗaya. Naka .45-70 miƙaƙƙe ne, wannan matsala ba taka ba ce, na faɗa ne don masu karatu.

Inda kuma ba zan taɓa barin faifai ba shi ne dalmar da aka naɗe da takarda. Ita ba ta da tsagin maiko, kuma gindin naɗin takarda ne, yana buƙatar abin da zai tare shi. In za a sa mata maiko, ana yanka shi ne kamar ƙaramar waina a sa a ƙarƙashinta, kuma dole a yi masa shinge sama da ƙasa. Harsashin Martini-Henry na sojan Ingila haka aka yi shi: albarushi giren 85, faifan kwali, wainar kakin zuma, wasu faya-fayan, sannan dalma mai giren 480 a naɗe da takarda. Haka ma masu tura dalma cikin bututu daban, su biyo ta da kwanso cike da albarushi: su faifan ne murfin da yake hana albarushin zubewa. Waɗannan fannoni ne na daban, in ka kai can za mu yi maganarsu.

To yaya za ka ɗura naka babu faifai? A nan nake so ka natsu, domin akwai wani lissafi da mutane suke tsallakewa. Faifan da aka fi sayarwa kaurinsa inci 0.030 ne ko 0.060, wato kusan milimita ɗaya da rabi ga mai kaurin. In ka cire shi, tsayin abin da ke cikin kwanso ya ragu da wannan kaurin. A faɗin .45-70, inci 0.060 yana cin albarushi kimanin giren biyu zuwa biyu da rabi. Yanzu ka duba nawa kake danƙarawa a da. In kana amfani da baƙin albarushi mai suna Goex, wanda yawanci ya fi son a matsa shi sosai, ka ce kana danna shi inci 0.200, to cire faifan zai mayar da dannawar 0.140 ne kawai in ba ka taɓa saitin madannin albarushin ba. Saman albarushin zai tsaya daidai inda saman faifan yake tsayawa, babu gurbi. Amma in albarushi mai suna Swiss kake ɗurawa, wanda mutane da yawa suke danna shi kaɗan, ka ce inci 0.040, sai ka cire faifai mai 0.060, to madannin ba zai ma taɓa albarushin ba. Dalma za ta zauna a inda ta saba, a ƙarƙashinta kuma ga fili. Ƙarami ne, amma daga irinsa ake fara sakaci, kuma ko bai ɓata bindiga ba zai ɓata daidaiton gudu. Mai irin wannan ɗura dole ya ƙara albarushi ko ya ƙara tura dalma ciki.

Hanyar da nake bi ba ta da wuya. Ina fara sanin iya inda dalma za ta shiga cikin kwanso, in auna daga gindinta zuwa inda bakin kwanso zai tsaya, in rubuta. Sai in auna albarushi a sikeli, in zuba shi a hankali ta dogon bututun tagulla mai tsawon inci 24 zuwa 30. Faɗowar nan daga sama tana sa ƙwayoyin su shirya kansu su zauna, ka ga albarushin da zai cika kwanso har baki ya sauka ya bar wuri. Sai in danna shi da madanni har zurfin ya yi daidai da abin da na rubuta, in tabbatar da jelar ma'auni. Ana iya danna albarushi da madanni kai tsaye babu faifai, saman ya zama kamar dutse mai santsi, sai dai ka riƙa duba fuskar madannin kana goge ƙwayoyin da suka manne. Abin da ba na so ka yi shi ne ka danna albarushi da dalmar kanta. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa ga masu barin faifai. Dalma mai taushi in ta sha matsi tana kumbura, hancinta ya lotse, gindinta ya ɗauki shaidar ƙwayoyi tun kafin a harba, wani lokaci ma harsashin ya ƙi shiga mazauninsa. Ɗan taɓi na inci 0.020 ko 0.030 ba ya komai, kuma ina son dalma ta ɗan jingina da albarushin don in tabbata sun haɗu. Abin da ya wuce haka aikin madanni ne. In an gama sai ka kai harsashin kunne ka girgiza. In ka ji motsi, ka ware shi ka zare dalmar.

Kada ka damu in giren 70 ya ƙi shiga. Kwanson zamani gindinsa ya fi na da kauri, cikinsa ya ragu, don haka da dalma mai giren 500 ko fiye yawancin mutane suna tsayawa a sittin da wani abu. A baƙin albarushi ba lamba ake bi ba, wurin da ke akwai ake cikewa. Wannan doka kuwa ta baƙin albarushi ce kaɗai. Wanda ya cika kwanson nan da albarushin zamani marar hayaƙi bisa wannan lissafi ya haɗa abin da zai tarwatsa bindiga a fuskarsa. Gwangwanayen biyu kada su hau tebur ɗaya a lokaci ɗaya, kuma wurin ɗura ba wurin sigari ba ne ko wani abu mai tartsatsi.

In kuma zuciyarka ba ta kwanta da barin albarushi tsirara ba, faifai ba abin da sai an yi oda ba ne. Ka sami mahuji mai faɗin inci 0.460, ka huda kwalin madara, irin mai santsin kaki a jiki. Shekara da shekaru mutane suna cin gasa da shi. In maiko kaɗai kake tsoro, ko takardar kaki ko yankin jarida ya isa ya zama shinge, kuma siririntarsa ba ta taɓa lissafin tsayinka. Sau da yawa wannan nake yi wa harsashin farauta.

Hukuncin ƙarshe dai bindigarka ce za ta yanke, kuma gwajin yana da ƙa'ida. Ka ɗura ashirin da faifai, ashirin babu, daga kwanso iri ɗaya, dalma zubin rana ɗaya wadda ka auna nauyinta, albarushi gwangwani ɗaya. Ka sani cewa ba za ka iya riƙe komai daidai ba: in ka riƙe nauyin albarushi, dannawa ta canza, in ka riƙe dannawa, nauyi ya canza. Ni nakan riƙe nauyin a zagayen farko, in sake gwadawa da ƙarin giren biyu a zagaye na biyu. Ka harba goma-goma, domin harbi uku ba ya nuna komai, sa'a ma tana iya tara uku. Ka kula da bututu iri ɗaya tsakanin kowane harbi, in hura numfashi kake yi ta roba ka riƙe adadin, in gogewa kake yi ka riƙe yadda kake yi. Kada ka tsaya a yadi 100, ka kai 200, in da hali 300, domin a can bambancin yake fitowa, kuma ka fi lura da tsawon tarin daga sama zuwa ƙasa, shi ne yake nuna ko gudun yana daidaita. In kana da na'urar auna gudu ka kafa ta nesa kaɗan da baki, hayaƙi da guntun faifai suna ruɗa ta. Bayan an tashi ka leƙa bututu ka ga ko akwai dalma a manne kusa da mazauni, ka kuma dubi bakin bututu: in ka ga tauraron maiko mai laushi ya fito a zagaye, maikonka yana kaiwa ƙarshe. In akwai tudun yashi mai laushi ko jiƙaƙƙun jaridu a bayan allon, ka tono dalma biyu-uku ka dubi gefen gindinsu da madubin ƙara girma. Gefe mai kaifi a zagaye yana nufin ba ka buƙatar faifai. Gefe mai ɓalli-ɓalli yana nufin kana buƙata.

Ga masu karatu a gida, wannan bayani na inda doka ta yarda mutum ya ɗura harsashinsa ne. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera ko haɗa harsashi ba tare da izinin hukuma ba.

Kai kuwa Malam, da Sharps ɗinka da dalma mai shafaffen gindi, shawarata ita ce ka ɗura na wannan makon babu faifai, ka duba lissafin tsayin nan da kyau, ka goge gindin kowace dalma, ka je ka yi harbinka a yadi 100 da 200. In ka fara shiga gasa ko ka haura mita 300, ka koma wa faifai mai 0.030 ka gwada shi da mai 0.060. Kuma kowanne ka ɗura, da ka dawo daga fili ka cire hular wutar da ke gindin kwanso ka jefa kwanson cikin ruwan sabulu tun kafin ka ci abinci, ka wanke bututun da ruwa ka busar ka shafa mai, domin tokar baƙin albarushi tana jan danshi kuma a kwana ɗaya take fara cin ƙarfe.